"Grace" da "Alheri": Gaɓa Ɗaya da Gaɓa Uku

Karatu: Afisawa 2:1-10, Matiyu 20:1-16, Kolosiyawa 4:5-6

Wata ranar Lahadi da yamma na kai gaisuwa gidan wani dattijon ikkilisiya a unguwar Ali Kazaure, cikin Jos ta Arewa, sai na tarar da jikarsa 'yar aji biyar na firamare tana fama da aikin gida. Malamin Turanci ya ba su kalma guda, wato "grace", ya ce su rubuta yawan gaɓoɓinta, su kawo kalmomi biyar masu amsa amonta, su kuma nemo danginta. Yarinyar ta ari wayar mahaifiyarta, kafin ruwan shayi ya tafasa har ta gama. Gaɓa ɗaya ce. Masu amsa amonta su ne face, place, race, space da trace. Kakarta, wadda ta shekara da shekaru tana waƙa a zumuntar mata, ta tambaye ta, "To, jikalle, mece ce ma'anarta?" Yarinya ta yi ɗan tunani, ta ce, "Addu'ar cin abinci ce, Kaka."

Kowa ya yi dariya, amma na koma gida da tambayar a zuciyata. Yarinyar ba ta yi kuskure ƙwarai ba, gama Turawa kan kira addu'ar da ake yi kafin a ci abinci da wannan suna. Sai dai kalmar nan ita ce muke faɗa tare a ƙarshen kowace sujada, ita ce kuma sunan 'yan mata da yawa a majami'unmu, waɗansu Grace, waɗansu Alheri. Idan 'ya'yanmu sun iya ƙirga gaɓarta amma ba su san nauyin da take ɗauke da shi ba, ashe da sauran aiki a gidajenmu. Saboda haka bari mu karɓi aikin gidan nan, mu yi shi tare daga farko, domin a ganina tambayoyin malamin nan uku ƙofofi ne masu kyau.

Ƙirgen gaɓa

Gaɓa ita ce abin da baki ke furtawa a bugu ɗaya. Hausa tana da tsari mai sauƙi: kowace gaɓa takan fara da baƙi guda, wasali ya biyo baya, wani lokaci a ja wasalin, wani lokaci a rufe da wani baƙin. Ba ta yarda baƙaƙe biyu su yi cincirindo a farkon kalma ba. Shi ya sa da muka ari kalmomin Turanci muka raba su da wasali, muka ce burodi, direba, birki. Bakin Bahaushe idan ya kama "grace" yakan ce "gires", gaɓa biyu ke nan, kuma saura ƙiris ta zama giris ɗin da makanikai ke shafa wa ƙarfe. Ga Bature kuwa bugu ɗaya ce tak.

Alheri gaɓa uku ce: al-he-ri. Dukansu uku masu nauyi ne, domin ta farko baƙi ya rufe ta, biyun ƙarshe kuwa wasulansu dogaye ne. Ba kalmar da ake faɗa a guje ba ce.

Wani zai ce, mene ne ruwan mai bi da wannan lissafi? Ruwansa yana cikin littafin waƙoƙin da yake riƙewa kowace Lahadi. Waƙoƙin sujada na Turanci an gina su ne a kan ƙirgen gaɓa. A littattafansu za ka ga lambobi a saman waƙa, kamar 8.6.8.6, ma'ana ɗangon farko gaɓa 8, na biyu 6, na uku 8, na huɗu 6, baiti guda gaɓa 28. Akwai 8.8.8.8, akwai kuma 6.6.8.6. Duk waƙoƙin da lambarsu ta zo ɗaya ana iya rera su da murya ɗaya. To, ga matsalar mai juya waƙa zuwa Hausa: muryar ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, alhali kuwa manyan kalmomin bangaskiya a Turanci gajeru ne. A dubi grace, faith, Lord, cross, sin, peace da love. Kalmomi bakwai, gaɓa bakwai. A Hausa su ne alheri, bangaskiya, Ubangiji, gicciye, zunubi, salama da ƙauna. A ƙirga da yatsu, za a sami gaɓa 22. Ɗangon da ya ishi Bature ya ambaci abu huɗu ko biyar, Bahaushe da ƙyar zai sa biyu a ciki. "Alherin Ubangiji" kaɗai ya cinye gaɓa bakwai cikin takwas.

Don haka iyayenmu da masu aikin bishara da suka juya mana waƙoƙin nan sun sha zaɓe mai wuya a kowane ɗango: me za a riƙe, me za a bari? Ina jin matasa masu Turanci suna cewa waƙoƙin Hausa ba su kai na asali cika ba. Gaskiya ne an rage kaya. Amma wanda aka ce ya zuba tulu a kwalba dole ya zaɓi ruwan da ya fi tsabta, kuma sau da yawa sun zaɓa daidai.

Akwai wata wahalar da ta fi ƙirge. Hausa tana bambanta ma'ana da tsawon wasali da kuma hawa da saukar murya. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma na tuwon ana jan wasalinsa na farko. Wuya ta jiki da wuya ta wahala kuwa karin sauti ne ya raba su. Muryar waƙar da aka tsara a Ingila ba ta san wannan ba. Idan gaɓa marar nauyi ta faɗa a kan doguwar murya sai a ja ta, garin mutane ya koma na tuwo. A nan ne waƙoƙin zumuntar mata suka yi fice. Da Hausa aka haife su, jagora ta ba da waƙa 'yan amshi su karɓa, tulu da ganga suna biye, murya kuma tana bin yadda ake magana. Tsohuwar da ba ta taɓa jin kalmar "gaɓa" ba takan gane nan take idan an matse kalma inda ba wurinta ba.

Amsa-amo, da abokan tafiyar kalma

A Turanci kalmomi biyu suna amsa amon juna idan sautinsu ya zo ɗaya tun daga wasalin da aka fi dannawa har ƙarshe. "Grace" ta yi sa'ar abokai. Face ita ce fuska, place wuri, race tsere, embrace kuma runguma. Marubuta irin su Isaac Watts, wanda ya rasu a 1748, da Charles Wesley, wanda ya rasu a 1788, sun mori wannan sa'a ƙwarai. Da zarar mawaƙi ya rufe ɗango da alheri, kalmar da ke jiransa a gaba ita ce fuska, sai tunaninsa ya tafi ga ranar da za mu ga fuskar Ubangiji. Ko kuwa tsere, sai ya tuna da tseren da aka sa a gabanmu a Ibraniyawa 12. Kalmar "love" ba ta yi wannan dace ba. Abokanta kaɗan ne, shi ya sa above da dove, wato bisa da kurciya, suke yawan biyo ta a waƙoƙinsu. Amsa-amo ba ado ba ne kawai. Yana jan tunanin mai waƙa zuwa wani gefe, daga nan ya ja na jama'ar da ke rerawa.

Hausa ba ta koyi amsa-amo daga Turawa ba. Rubutattun waƙoƙinmu, tun daga zamanin Nana Asma'u har zuwa su Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, suna da babban amsa-amo, wato gaɓar da ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta, da kuma ƙarami a cikin baiti. A tsarinmu gaɓar ƙarshe ake dubawa. Alheri tana ƙarewa da "ri", to, su wane ne abokan tafiyarta? Da na zauna na jera su sai na ga ba mu da abin yi wa Turawa hassada. Akwai labari, kuma kowa ya san amsar "Ina labari?" ita ce "Sai alheri." Akwai sharri, kishiyarta. Akwai asiri. Akwai kabari, inda alherin Allah ya yi nasara a safiyar tashin Almasihu. Akwai kuma gishiri, wanda manzo Bulus da kansa ya haɗa shi da alheri a Kolosiyawa 4:6, sa'ad da yake koya wa masu bi yadda maganarsu za ta kasance a gaban waɗanda ba na ikkilisiya ba. A Turanci alheri da gishiri ba sa amsa wa juna. A Hausa suna yi. Wannan kyauta ce da harshenmu ya ba ayar.

Da yawa daga waƙoƙin da aka juya mana ba su riƙe amsa-amo ba, ni kuwa ban ga laifin haka ba. Idan dole a sadaukar da ɗaya tsakanin amo da ma'ana, amo ne ya kamata ya tafi. Amma mai tsara sabuwar waƙa da Hausa ba shi da wannan uzuri, gama kalmomin suna nan suna jiransa.

Dangin kalma

Tambayar malamin ta uku ita ce ta fi kai mu nesa. "Grace" ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci, asalinta kuma "gratia" ce ta Latinanci, mai nufin tagomashi da kuma godiya. Daga saiwar nan aka sami grateful da gratitude, masu nufin godiya, da gratis, abin da aka bayar ba da ko kwabo ba, da disgrace, wato faɗuwa daga tagomashi zuwa kunya. Mutanen Sifen har yau da "gracias" suke godiya. Akwai kuma 'yar gidan da ta shigo Hausa ba mu lura ba: garatuti. Asalin ma'anarta kyautar da aka bayar don ganin dama. A yau kuwa haƙƙi ce da ma'aikaci ya yi wa gumi shekaru da yawa, yakan kuma bi ofis-ofis da takardu yana nemanta. Kalmar da ta fara a matsayin kyauta ta ƙare a matsayin lada. A riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, kalmar da ke can kuwa ita ce "charis". Ta bayyana fiye da sau 150, mafi yawa a wasiƙun Bulus, kuma babu wasiƙarsa ko ɗaya da bai buɗe ta da alheri ya kuma rufe ta da alheri ba. 'Yan ɗakinta su ne "charisma", wato baiwa irin ta 1 Korantiyawa 12, da "eucharistia", wato godiya, sunan da ikkilisiyoyi da yawa ke kiran Jibin Ubangiji da shi, da kuma "chara", wato farin ciki. Alheri, baiwa, godiya, farin ciki: a Hausa kalmomi huɗu ne da ba su yi kama ba, a kunnen mutanen Koranti kuwa 'yan gida ɗaya ne. Allah ya bayar, mutum ya karɓa, ya gode, ya yi murna.

Tamu kalmar fa? Alheri ta zo ne daga Larabci, "al-khair", abu mai kyau. Hausa ta haɗiye ta tare da "al" ɗinta, kamar yadda ta yi wa alƙali, alƙalami da albasa. Ba mu muka fara amfani da ita ba. Ta daɗe a bakin Hausawa kafin Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya a 1905, kafin kuma a buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Masu juyi sun same ta a kasuwa da zaure, suka ɗauke ta suka ɗora mata kaya. Tana da maƙwabta na kusa da ya kamata yara su iya rarrabewa. Jinƙai shi ne a tausaya wa mai laifi ko mai wahala, a ɗauke masa abin da ya cancanta. Tagomashi shi ne samun karɓuwa a idon babba, irin wanda Nuhu ya samu a Farawa 6. Albarka ita ce yalwa da ƙaruwar da Allah ke sa wa abu. Alheri a bakin Bulus ya haɗa da waɗannan, ya kuma zarce su.

A nan ne nake so iyaye su tsaya sosai. A Hausar yau da kullum, alheri abu ne da mutum ke yi wa mutum, kuma ana sa rai zai komo. Muna cewa alheri gadon barci ne. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Karin magana ne masu kyau, ina kuma koya wa 'ya'yana su. Amma a lura da abin da suke faɗa: ka shuka, za ka girba. Idan aka ce wane ya yi mini alheri, sau da yawa ana nufin ya ba ni kuɗi, ni ma ranar bikinsa ba zan je hannu sake ba. Yaron da ya tashi da wannan fahimta kaɗai, idan ya ji ana maganar alherin Allah, zai ɗauka biki ne irin namu: na yi wa Allah, shi ma ya yi mini. Na zo sujada, na ba da zakka, na shiga ƙungiyar mawaƙa, saura garatutina.

Afisawa 2 ta rushe wannan lissafi tun daga ayar farko, inda aka kwatanta mu da matattu. Matacce ba ya kai gudummawar biki. A aya ta 8 da ta 9 Bulus ya nuna cewa ceto kyautar Allah ce, ba sakamakon aiki ba, domin kada kowa ya sami abin fariya. A Romawa 4:4 ya bambanta lada da kyauta, a 11:6 kuma ya nuna cewa da zarar aiki ya shigo a matsayin farashi, alheri ya daina zama alheri. Misalin Yesu a Matiyu 20 ya fi kowane bayani kaifi, musamman a garin da ya girma da guminsa 'yan ƙwadagon haƙar kuza. Mai gonar inabi ya ɗauki ma'aikata da sassafe a kan dinari guda, ya ɗauki waɗansu da hantsi, da tsakar rana, har da waɗanda saura sa'a ɗaya a tashi. Da yamma kowa ya karɓi dinari guda. Na farkon suka yi gunaguni, kuma duk wanda ya taɓa yin aikin yini a rana ya san dalilinsu. Ba a cuce su ba, an ba su abin da aka yi alkawari. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an yi wa wani alherin da bai yi wa aiki ba.

Mutumin da ya rubuta waƙar alheri da ta fi kowace shahara a Turanci, "Amazing Grace", ya san kansa a cikin 'yan sa'ar ƙarshe. John Newton, haifaffen Landan a 1725, matuƙin jirgin ruwa ne da ya yi cinikin bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. A watan Maris na 1748 hadiri ya kusa nutsar da jirgin da yake ciki, ya yi kuka ga Allah. Kada mu gyara tarihin ya fi yadda yake kyau: bai bar safarar bayi nan take ba, ya ci gaba har 1754. Ya zama mai hidimar ikkilisiya a garin Olney a 1764, ya shirya waƙar domin wa'azin sabuwar shekara ta 1773 a kan 1 Tarihi 17, inda Dawuda ke mamakin yadda Allah ya kawo shi inda yake. An buga ta a 1779, muryar da muka san ta da ita kuwa sai a 1835 aka haɗa su a Amurka. A 1788 ne Newton ya fito fili ya rubuta ƙasida yana tuba daga cinikin da ya yi, ya kuma rasu a 1807, shekarar da majalisar Ingila ta haramta cinikin. Waƙar tasa a kan 8.6.8.6 take. Mu da kakanninmu suka san zafin bauta muna rera ta a yau, wannan ma wani abin tunani ne.

Alherin da ba a saya ba, ba ya nufin zaman banza. Aya ta 10 ta Afisawa 2 ta nuna an halicce mu domin kyawawan ayyuka, Titus 2:11-12 kuma ta mai da alheri malamin da ke horon mu. Bambancin yana ga jeri: aiki yana biyo bayan kyauta, ba ya gabanta.

Wannan yana da amfani na musamman a unguwa irin Ali Kazaure, inda babban cocin Katolika na Fatima yake, inda kuma kiran salla da ƙararrawar sujada ke shiga kunne ɗaya. Mazauna wurin ba su manta da Satumba ta 2001 da Nuwamba ta 2008 ba. Duk da haka, da safe Kirista da Musulmi sukan haɗu wurin mai shayi, ɗaya ya ce ina labari, ɗayan ya ce sai alheri. Kalmar ta mu duka ce. Maƙwabcinmu ba zai gane abin da muke nufi da ita ta wurin gardama ba. Zai gane ne ranar da muka yi masa abin kirki a lokacin da mu da shi muka san ba zai iya ramawa ba, ko kuwa ba mu da dalilin yi masa.

Aikin wannan mako

Na yi wa yarinyar nan alkawarin zan gwada tsara baiti guda a kan 8.6.8.6, da alheri da gishiri suna amsa wa juna. Ga abin da na iya:

Ka gyara harshena, Uba,
Ka ba shi gishiri;
Maƙwabci in ya ji ni yau,
Ya tsinci alheri.

A lokacin addu'ar iyali, a sa yara su tafa hannu a kowace gaɓa su tabbatar ƙirgen ya cika 28. Sa'an nan a rera shi da muryar waƙar Newton, a saurara da kyau. Akwai aibi guda a ciki, na kuma bar shi da gangan: a ɗango na biyu, "gi" ta gishiri gaɓa ce marar nauyi, amma ta faɗa a kan doguwar murya, dole a ja ta fiye da yadda ake faɗa. Da na koma Ali Kazaure na rera musu, kakar ce ta fara kama shi, tun ban kai ƙarshen ɗangon ba. A bar yara su nemi gyara. Bayan haka a buɗe littafin waƙoƙi, kowa ya nemo waƙa ɗaya mai kalmar alheri, ya faɗa ko alherin da ke cikinta na Allah ne zuwa ga mutum, ko na mutum zuwa ga ɗan'uwansa. Manyan yara kuma su ɗauki labari, kabari da asiri, su tsara baiti na biyu. Wanda ya yi kyau a aiko mana, za mu buga a fitowa ta gaba.